Wuyan Garayar Baƙo

Duk wanda ya yi wayo a ƙauyukan kewayen Dayi kafin a sami mulkin kai ya san Baƙo mai garaya. Ko bai gan shi ba, ya ji shi. Bamaguje ne ɗan gidan Maitama, wani ƙaton gida mai rumbuna da yawa a ƙetaren rafi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da wani kyan da za a ba da labari, in ana hira kuwa sai a manta yana wurin. Noma yake yi kamar kowa, dawa da gero da gyaɗa da 'yar auduga. Amma da zarar ya rungumi garaya, shi ke nan, wani mutum ne daban ya zauna.

Garaya ba wani abu ne mai tarkace ba. Ƙoƙon itace ne da aka rufe da fatar gada, da tsirkiya biyu, da doguwar sanda wadda Baƙo da ubansa suke kira wuya. Hannun dama shi ke bugu, hagu kuwa shi ke gudu a kan wuya yana danne tsirkiya, kuma a hagun nan ake gane makaɗi. Mutanen su Baƙo 'yan bori ne, kowane iska da kiɗansa, ba ya sauka a kan mai shi sai ya ji nasa. Akwai iskoki masu haƙuri, akwai kuma Sarkin Rafi, mahaukacin iska wanda ba ya zuwa sai kiɗa ya yi gudu kamar zai tsinke. Makaɗa da yawa sai su yi ta fama da shi har gumi ya jiƙe su, yana can bai ko motsa ba. Baƙo kuwa kafin mai kaɗa buta, ɗan goran nan mai tsakuwa da ke raka garaya, ya gyara zama ya riga ya jawo shi. Mata kan ce yatsun Baƙo ba su da ƙashi.

Garayar ta ubansa ce. Wuyanta na ƙirya ne, kaurinsa kamar ƙotar fartanya, ya yi baƙi ƙirin saboda gumin hannu. Maitama ya kaɗa ta tun yana saurayi har ya tsufa, har yatsunsa suka ci itacen suka bar 'yan gurabe a jikinsa. Ran da Baƙo ya gaje ta, yatsunsa suka faɗa guraben nan daidai kamar da su aka auna. Ba mutum ne mai faɗin abin da ke ransa ba, amma ya taɓa gaya wa matarsa Baturiya cewa in yana kiɗa ji yake hannun tsohon yake riƙe da shi.

To, shekara biyu ko uku bayan mulkin kai, abu ya fara canzawa. Ƙaramin yatsan hagunsa ya soma makara. Sauran su isa wuri, shi yana baya. A wani wasa da aka yi da damina, Gwaggo Tsohuwa, ƙanwar ubansa, wadda Sarkin Rafi ke hawa tun tana budurwa, ta zauna a tabarma ta yi ta jira har ƙafarta ta yi sanyi kafin iskan ya zo. Da aka tashi ta dai dube shi. Baƙo ya ce danshi ne ya saki tsirkiya. Ya canza tsirkiya. Da kaka ta yi danshi ya tafi, yatsa bai daina makara ba, sai ma na kusa da shi ya fara koyi da shi. Abin ya tsaya masa a rai, don in aka cire gudun nan, shi kansa bai san ko wane ne Baƙo ba.

Bayan an sayar da auduga ya hau lori zuwa Funtua don ya saya wa Baturiya atamfa. Da la'asar yana yawo a Sabon Gari sai ya ji wani sauti daga farfajiyar wani otal, sautin da bai taɓa jin irinsa ba. Ba goge ba ne, ba molo ba, ga ƙara kamar ana kiɗan cikin kunnensa. Ya leƙa. Wasu makaɗa ne 'yan Kudu suke gwaji saboda Kirsimeti, injin wuta yana ta ruri a gefe. Ɗaya daga cikinsu ya rataya wani jan allo mai wayoyi shida, igiya ta fita daga jikinsa ta shiga wani akwati, abin mamaki kuma akwatin ne ke kukan, ba allon ba. Aka ce masa sunanta jita. Amma Baƙo ba akwatin yake kallo ba. Hagun mutumin yake kallo, yadda yake hawa da sauka kamar ƙadangare a katanga.

Makaɗi ba ya ɓoye wa makaɗi. Mutumin ya hangi wani baƙauye a bakin ƙofa yatsunsa suna motsi a kan cinyarsa, sai ya yi dariya ya yafuto shi. Da Hausarsa ta kasuwa ya tambaye shi me yake kaɗawa. Baƙo ya ce garaya. Sai kawai ya cire jitar ya rataya masa.

Baƙo ya kama wuyanta. Siriri ne, shafaffe, ga santsi kamar kwalba. Hannu ba ya cika da shi, babban yatsa yana zamewa a bayansa ba abin da ke tare shi. Mutumin ya ɗauko wata jitar ta abokinsa, mai kaurin wuya, ya ba shi ya kama, sannan ya mayar masa da jar.

Ya ce, "Ka gani? Wuya kauri, hannu barci. Wuya siriri, hannu gudu. Ni na zaɓa siriri."

Magana ce ta raha, ya faɗe ta ya koma kiɗansa, wataƙila kafin gari ya waye ya manta da baƙauyen. Baƙo kuwa da ita ya hau lori. Duk kwazazzabon da motar ta faɗa sai ya maimaita ta. Ashe ba hannunsa ba ne, wuya ne! Ya shekara yana zargin kansa a banza. Rabon da ya ji sanyi a ransa irin na ran nan har ya manta.

A Dayi akwai wani masassaƙi, Isyaku, wanda ke sassaƙa turame da ƙotoci da kujerun mata, yana kuma gyaran kayan kiɗa. Musulmi ne, amma tare suka yi kiwon awaki da Baƙo suna yara, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Da ya hango shi ya ce, "A'a, Bamaguje! Yau dai ka zo karɓar sallah ke nan?"

Baƙo ya ce, "Ran da kuka halatta giya, Malam, ni zan yi muku ladanci."

Suka yi dariya, Baƙo ya kwance garaya daga tsummanta ya faɗi abin da ya kawo shi. Dariya ta ɗauke daga fuskar Isyaku.

Ya ce, "Wuyan Maitama za ka sa in kankare? Baƙo, ka kwana da wannan maganar kuwa?"

"Na kwana da ita. Kauri ya yi mini yawa. Na gani da idona a Funtua."

"Shekara nawa kana kaɗa ta bai yi maka kauri ba?"

"Kai dai yi abin da na ce."

Isyaku yana da wata hanyar aiki da ya gada wurin ubansa. Ba ya sassaƙa wa mutum abin riƙewa da ka. Sai ya cura laka kamar tsayin tafin hannu ya ce mutum ya damƙa, ya matse iyakar ƙarfinsa. Shatin da yatsu suka bari shi ne ma'auni. In lakar ta bushe sai ya ɗora ta a kan katangar rumfarsa, ko da mai ita zai aiko wata rana. Ya cura ya miƙa wa Baƙo, Baƙo ya damƙa da hagu. Isyaku ya karɓa ya juya ta a hannunsa. Yatsu sun shiga sosai, ban da ƙaramin, wanda ya ɗan shafi lakar kawai. Ya ce ya sake. Ya sake, haka dai ta fito.

Yana cikin duba lakar nan Baƙo ya cusa taba a lofensa, ya sa hannu a murhun ɗumama fata ya ɗauko garwashi. Ya riƙe shi yana ba da labarin akwatin da ke kuka, ya riƙe, ya riƙe, har Isyaku ya ji ƙaurin fata. Sannan ya ɗora a lofe ya zuƙa hankali kwance.

Isyaku ya san abin da ya gani. Kawunsa da haka ya fara. Kalmar ta zo masa har bakin leɓe, ya dubi abokinsa yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir, sai ya haɗiye ta. Ya ce a ransa, wa ya aike ni? Wataƙila ma ba shi ba ne. Ya ɗauko fasasshiyar kwalba ya fara kankara.

Wannan shi muke kira kara, muna kuma alfahari da ita. Ka ga abin da zai kunyata mutum, ka kau da kai, ka bar shi da mutuncinsa. Abu ne mai kyau, ban ce ba. Amma na sha ganin inda rabinta tausayi ne, rabinta kuwa tsoro ne tsagwaronsa, kowa yana jira wani ya fara buɗe baki. Ciwon nan kuma ba a kiran sunansa a ƙasarmu, sai dai a ce babban ciwo, a yi ƙasa da murya. Ran da aka kira wa mutum sunan, ran nan za a ware masa ƙwaryar sha, a daina miƙa masa hannu. Isyaku bai so ya zama shi ne ya ware wa Baƙo ƙwarya ba.

Kwalba ta bi wuyan tana fitar da baƙin gari, jan itace yana bayyana a ƙasa. Guraben yatsun Maitama su suka fara tafiya. Baƙo ya ga suna shafewa, ya kau da kai ya kalli kasuwa. Ya ce wa kansa tsohon ma da ya ga jita da haka zai yi.

Kwanakin farko ya rantse abin ya yi. Hannu ya ji sabon wuri, zuciya kuma ta sa rai, sai ya ga kamar gudun ya dawo. Kafin damina ta tsaya ya gane bai dawo ba. Sai ya ce kankarar ce ba ta isa ba, Isyaku ya ji tsoron itacen.

A gida kuwa abubuwa suna ta canzawa a kewaye da shi, yana gani bai gane ba. Baturiya, mace ce mai faɗa da surutu wadda ba ta raga wa kowa, sai ga shi ta yi laushi. Ta daina ba shi kunu sai ya huce. In ya matso kusa da murhu sai ta sami abin da za ta aike shi. Wata rana tana shafa masa man kaɗe a baya hannunta ya tsaya wuri guda, ya daɗe. Ya ce mene ne? Ta ce ƙyasfi ne, ba komai. Wurin ya yi fari-fari kamar faɗin ganyen kuka, ba ya gumi ko ana tsakar noma, amma a baya yake, mutum kuwa ba ya ganin bayansa. Ran kasuwa ta sayo masa taguwa ta ce ya riƙa sawa in zai yi kiɗa, wai makaɗin da ya je Funtua bai kamata a gan shi da warki kaɗai ba. Ya ji daɗi, har ya yi mata ba'a wai ta fara kishin bayansa.

Gwaggo Tsohuwa ta ce wani iska ne ke son kaza. Aka yanka. Ya tambaye ta wane iska, ta ce ba a tambaya. Sannan ga wani abu. Cikin iskokin bori akwai wanda ake kira Kuturu, in ya hau mutum sai ya zauna ya dunƙule yatsu yana korar ƙuda. Kiɗansa mai nauyi ne, a hankali ake yinsa, kuma ba a wasa a tsallake shi. Sai Baƙo ya lura duk ran da aka zo kansa Gwaggo sai ta ɗaga hannu ta ce a wuce. A gidansu haka, a gidajen maƙwabta haka. Ba wanda ya ƙara roƙonsa kiɗan nan. Ka san abin da Baƙo ya ɗauka? Ya ɗauka mutane gudu suke so, sun gaji da kiɗan tsofaffi, suna nuna masa ne a fakaice ya ƙara wuta. Sai ya ƙara ɗaura ɗamarar gyaran wuya.

Da kaka ta zagayo ya koma wurin Isyaku. Aka cura laka, ya damƙa. Yanzu yatsu biyu ne suka ƙi shiga. Isyaku ya ɗora ta a katanga kusa da ta bara, ya daɗe yana ba shi baya.

Ya ce, "Baƙo, ba ka ganin ka leƙa asibitin nan na mishan ta wajen Malumfashi? An ce suna duba hannu."

"Me ya sami hannuna?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ta rage. Isyaku ya dubi gizagonsa ya ce, "A'a, na ce ko sanyi ne ya kama shi."

"Sanyi a wuyan garaya yake. Kankare."

Ya kankare. Shekara ta sake juyowa, aka sake cura laka, ya sake kankarewa, a wannan karon Baƙo ya ce a shafe bayan wuyan ya zama kamar na jita. Wuyan da yake kamar ƙotar fartanya ya koma kamar muciyar yara. Bai tsaya nan ba. Ya tuna jita waya gare ta, ba jijiya ba, sai ya je wurin mai gyaran keke ya karɓo tsohuwar wayar birki, ya warware ta ya zaro silli biyu ya ɗaura. Muryar garayar ta canza, ta yi kaifi, tsofaffi suka ce ba muryar Maitama ba ce. Baƙo ya ce su jira ranar wasa.

Wasan kuwa babba ne, na godiyar amfanin gona, a gidan Maitama. An dafa giya tukwane, baƙi sun zo daga nesa. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi gindin tsamiya. Musulmin Dayi ma, da suke cewa ba ruwansu da bori, sun tsaya daga nesa suna miƙa wuya, Isyaku yana cikinsu. Baƙo ya zauna cikin taguwarsa, mai buta a damansa. Aka bi iskoki ɗaya bayan ɗaya, yana lallaɓawa. Aka zo kan Kuturu, Gwaggo ta ɗaga hannu, aka wuce. Sai ta gyara zama ta ce, "Ɗan Maitama, kira mini shi."

Ya fara. Da farko hannun yana ta tuntuɓe kamar kullum, ya cije leɓe ya danna da ƙarfi, ya ƙara dannawa. Can sai ya ji abu ya saki. Wuyan ya yi santsi a tafinsa, santsin nan da ya ji a Funtua. Hagunsa ya fara zamewa sama da ƙasa ba abin da ke riƙe shi. Ya rufe ido. Gudu ya zo, gudun da, wanda ya yi ta nema a jikin itace. Ya ji mata sun rangaɗa guɗa, ya ji Gwaggo ta kurma ihun Sarkin Rafi ta buga ƙasa. Hawaye suka zubo masa don daɗi. Bai buɗe ido ba ya ɗaga murya, shi da ba ya magana a taro.

"Isyaku! Kana ina? Wuya ya yi! Aradu wuya ya yi!"

Sai ya ji buta ta yi shiru. Guɗa ta mutu. Garayarsa kaɗai ke tashi a filin. Ya buɗe ido ya ga kowa hannunsa yake kallo, sai shi ma ya duba.

Jini ne. Wuyan ya jiƙe sharkaf tun daga sama har ƙoƙo, yana ɗiga a kan cinyarsa. Wayar ta yanka yatsu biyun nan ta shiga har ana ganin fari. Santsin da ya ji ke nan. Ya ɗaga hannun ya kawo kusa da fuskarsa yana jira ya ji zafi. Bai ji komai ba, kamar hannun wani aka ba shi ya riƙe.

Ba wanda ya yi motsi. Sai wani da ya zo daga wajen Matazu, wanda ya sha ya yi tatul, bai san kowa ba balle ya yi wa wani kara, ya leƙo ta kafaɗar mutane ya ce da ƙarfi, "Kai! Ai mutumin nan kuturu ne!"

Aka yi masa ca, wani ya kai masa mari, aka ja shi waje. Baƙo bai bi ta kansa ba. Fuskokin mutanensa yake bi ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda maganar ta ba mamaki. Bai samu ko ɗaya ba. Duk wanda ya kalla sai ya sunkuyar da kai. Baturiya ce ta ratso taron, ta yage gefen zanenta, atamfar Funtua, ta durƙusa ta naɗe masa hannun.

Ita ta raka shi asibitin mishan. Malamin da ke dubawa, wani Yusufu, mutum mai sanyin magana, ya sa ya tuɓe taguwa ya rufe ido. Ya ɗauki ɗan ƙullin auduga yana taɓa shi nan da can, ya ce duk inda ya ji ya nuna. Baƙo ya yi ta nunawa, sai kuma ya ji an daɗe ba a taɓa shi ba. Ya ce, "Malam, ka ci gaba mana." Ashe tun ɗazu audugar tana kan bayansa.

Malam Yusufu ya ce, "Tun yaushe abin ya fara?"

Baƙo ya ce, "Ni dai ranar wasan nan na gani."

Daga bayansa Baturiya ta ce, "Damina uku ke nan, Malam. Da yatsa ya fara, sannan tabon baya."

Malamin ya ce akwai ƙwayar da za a riƙa ba shi, in ya jure sha ciwon zai tsaya, ba zai ci gaba da cinsa ba. Amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta tashi. Yatsun nan biyu za su lanƙwashe, na tsakiya ma ba ya ba shi tabbas. Ya ce da a daminar farko aka zo, da wataƙila ba a rasa ko ɗaya ba. Ya faɗe ta ba da faɗa ba, ya saba faɗinta.

A hanyar komawa sun yi tafiya mai nisa. Sai da suka zo rafi Baƙo ya tsaya.

"Kin sani."

"Na sani, maigida."

"Gwaggo fa?"

"Ita ta fara gani."

"Shi ya sa ake tsallake kiɗan?"

Ta fashe da kuka, macen da ko ran da ta binne ɗanta na fari ba a ji kukanta ba. Ta ce, "Da wane baki zan faɗa maka? Kullum sai in ce gobe. Ka dawo daga Dayi kana murna an rage wuya, sai in ce bari ya ƙara kwana ɗaya yana murna. Na ce in na faɗa za su ware maka ƙwarya."

Ya ce, "Ai ga shi an ware."

An ware kuwa. Ba a kore shi ba, mutanensa ba su da wannan muguntar, Baturiya kuma ba ta je ko'ina ba. Amma a wurin shan giya ƙwaryarsa daban take, an ɗaura mata zare a baki. Ya sha ƙwayarsa, ciwo ya tsaya kamar yadda aka ce, yatsu uku suka lanƙwashe suka manne a tafi. Ya rayu har ya yi furfura. Wani makaɗi daga wani gida ya karɓi wasa, Baƙo ya koma bayansa ana ɗaura masa buta a wuyan hannu yana kaɗawa. In aka zo kan Sarkin Rafi sai a ga leɓensa yana motsi, yana gaba da makaɗin nesa ba kusa ba. Garayar Maitama kuwa ba ta ƙara amfanar kowa ba. Wuyan ya yi sirantar da in aka ɗaure tsirkiya sai ya lanƙwasa. Aka rataye ta a ɗaki, kuma in ya kalle ta ba gudun ne ke fara zuwa masa a rai ba, guraben nan ne da ya sa aka kankare da bakinsa.

Sai da aka yi wata da watanni bayan wasan sannan ya taka rumfar Isyaku. Isyaku ya gan shi tafe ya ajiye gizago ya miƙe tsaye. Ba tsokana ran nan. Ya shimfiɗa masa buzunsa na sallah, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Baƙo bai zauna ba. Katanga ya nufa, inda curin laka ke jere, ya tsaya gaban nasa guda uku. Na farko, ƙaramin yatsa ne kaɗai bai shiga ba. Na biyu, yatsu biyu. Na uku kuwa kamar tsuntsu ne ya taka. Suna nan a fili, duk wanda ya shigo sayen turmi yana ganinsu.

Isyaku ya ce, "Baƙo, wallahi na so in faɗa. Na ga bai dace daga bakina ba. Kara na yi maka."

Baƙo ya ɗago hagunsa ya riƙe a tsakaninsu. Ya ce, "Na sani. Ga ta nan. Ga karar taku."

Isyaku ya zauna a kan wani turmin da bai gama ba, ya rufe fuska da hula.

Baƙo ya sauko da curin farko da damansa. Ya bushe ƙamas, shatin yatsun yana nan raɗau, masu zurfi, na mutumin da ke da ƙarfin damƙa. Ya kawo hagunsa ya gwada sawa. Babban yatsa ya shiga, manuni ya shiga, sauran suka tokare a waje. Ya daɗe yana gwadawa.

Ya ce, "Wannan zan tafi da shi."

"Naka ne."

Ya ɗora shi a gefen taguwarsa ya tattara bakin don ya ƙulle, tsumman yana zamewa. Ya sa haƙori, ya sake zamewa. Sai ya matsa kusa da abokinsa ya miƙa masa gefen rigar.

"Ɗaure mini, Isyaku. Ba na iya ƙulli yanzu."